Ranar da Goɗiyar Alhaji Ta Haihu

Ko na manta duk wahalar motar Abuja da na sha lokacin da nake haya a Suleja, ba zan taɓa manta ranar da goɗiyar mai gidanmu ta haihu ba.

Alhajin tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma ba hirar da yake so kamar ta asali. Wata rana sai ga shi da wata 'yar goɗiya ja, mai dogon wuya da siraran ƙafafu, wai tsantsar jinin dawakin sukuwa na Ingila ce. Yakan jero maka kakanninta har ka gaji da tsayuwa, alhali in ka tambaye shi sunayen jikokinsa sai ya ɗan yi tunani.

Gudu kam tana da shi, ba zan ci haƙƙinta ba. Na taɓa bin su sukuwa Kaduna, na ga yadda ta bar manyan ingarmu kamar an ɗaure su a turke. Kofuna suka cika falo, mu kuma 'yan haya muka shiga uku. In an ɗauke wuta, ita ke shan fanka da janareto muna jiƙewa da zufa. In famfo ya kawo ruwa, sai ta yi wanka kafin mu ɗiba.

Da ta gurɗe a ƙafa ta bar sukuwa, sai maganar barbara ta taso. Masu dawaki suka yi ta kawo ingarmunsu, Alhaji yana korar su kamar masu neman 'yar gwamna. Tambayarsa ɗaya ce: "Wane ne ubansa?" Don kada dokin gari ya raɓe ta, ya kai ta gonarsa ta Lambata ta huta. Daga baya ya samo mata ingarman wani babban mutum a Abuja, aka kai ta can da mota. Ciki ya fito, Alhaji ya fara tafiya kamar shi ke ɗauke da shi.

Ta haihu da hantsi a bargar gidanmu, Alhaji yana Abuja. Tun a waya ya gayyato abokansa, ya sa aka kafa rumfa, aka ɗora shinkafa. Mu da muka riga muka leƙa bargar, kowa ya kama bakinsa.

Ya iso da ayari, babbar riga na jan ƙasa. Aka buɗe barga. Ga ɗa nan lafiyayye yana shan nono, kunnuwansa tsaye zaƙo-zaƙo kamar ganyen masara.

Wani abokinsa ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, dawakin Ingila haka kunnensu yake?"

"Jinin ne," in ji Alhaji. "In sun girma yana komawa."

Wani dattijo da ya tsufa cikin harkar dawaki ya zagaya ɗan, ya ce a hankali, "Alhaji, alfadari ne. Akwai jaki kusa da gonarka?"

Akwai kuwa: wani gurgun jakin maƙwabci da ke ɗaukar doya zuwa kasuwa. Ashe tun kafin a je Abuja ya gama magana.

Ba wanda ya yi dariya sai da aka fita ƙofar gida. Shinkafar kuwa mu muka cinye ta.

Tun ranar na koyi cewa in abin alfahari ya zo maka, ka fara leƙawa kai kaɗai kafin ka kafa rumfa.