Saƙon da Bai San Hanya Ba

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Bello a Talata Mafara.

Gidanmu gidan fataken shanu ne. Bello ne ya fara kaucewa ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya jawo ni ya koya mini, da faɗa da ranƙwashi. Da 'yan bindiga suka fara tare hanyoyi, ya rubuta wa 'yan kasuwarmu wata 'yar manhaja. Direbobi su kira su ba da labarin hanya, a shigar, ita kuma ta tura wa kowa saƙon waya kafin ya fita.

Akwai zubi guda mai suna Hanya, wanda a sana'armu ake kira aji. Daga shi ake fitar da kowace hanya da nata rahoton, ta Damri daban, ta Janbako daban. Umarnin duba rahoto na hanya guda ne, sai ka kama sunanta za ka kira shi. Bello ya sha gaya mini, "Kabiru, aji bai san kowa ba. Kama hanyad da kaka nuhi."

Wata Laraba ina sauri, na yi wa manhajar gyara na kira umarnin kai tsaye daga aji. Kwamfuta ta nuna gargaɗi amma ta ci gaba da aiki. Na gan shi da idona, na kashe shi saboda ya cika mini allo. Washegari da sassafe wani direba, Mamman, ya kira ya ce kada a bi ta Janbako, na shigar. Amma umarnin bai san hanyar da ake tambaya ba, sai ya tura abin da yake turawa in babu labari: "Ba a ji matsala ba." Bello yana cikin motar farko da ta bi ta Janbako, zai raka kawunmu sayen shanu. 'Yan bindiga suka tare su. Kawu ya dawo, shi bai dawo da rai ba.

A wurin zaman makoki aka ce ba wanda ya kira. Mamman ya rantse ya kira, aka ce ƙarya yake yi don ya wanke kansa. Ina zaune na yi shiru. 'Yan kasuwa suka daina shiga motarsa, har ya kwashe iyalinsa ya koma Maradun.

Yau harshen kwamfutar da muke rubuta manhaja da shi ba ya yarda a kira umarni kai tsaye daga aji, tsayawa yake yi cak. Da Bello na nan, na san zai yi murna, sannan ya yi tsaki ya ce an makara. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai dubi ƙanen da ya kashe gargaɗi, ya kuma bar bawan Allah da laifi.

Manhajar ta daɗe da mutuwa. Abin da ya saura na Bello 'ya'yansa ne biyu, da halinsa na cewa "ni na ɓata" tun ba a tambaye shi ba. Wannan halin ne ya hana ni sakewa. Ina kewarsa, kuma ina jin kunyarsa.

Makon jiya na je Maradun, na samu Mamman yana wanke mota a tasha. Bayan doguwar gaisuwa na faɗa masa komai. Bai ajiye soson ba.

Ya ce, "Malam Kabiru, ni kaz zo gaya ma? Ai ni na san na kira. Tai ka gaya ma mutane."

To, jama'a, Mamman ya kira. Ni ne na ɗauki wayar.