Rigar da Babanta Ya Sani

Da wani ya ce mini wata rana zan bar sujadar Lahadi saboda tseren motoci, da na ce ya je a duba masa kai. Amma ga shi na bari, ba sau ɗaya ba. Matan zumunta na cocinmu a unguwar Flatbush ta New York har tsokanata suke yi, wai na koma ɗarikar talabijin. Ina dariya tare da su don kada su yi ta tono, amma abin bai taɓa ba ni dariya ba.

Maigidana makaniki ne a Kaduna kafin mu zo New York. A nan ya kama tuƙin tasi, ya yi shekaru yana bin layi a filin jirgin JFK yana jiran fasinja. 'Yarmu ɗaya ce, kuma halinsa ta kwaso kaf. Tun tana ƙarama, in ya buɗe gaban mota a bakin titi, sai ka ga kawuna biyu a ciki, ni kuwa ina ta faɗa daga taga cewa tuwo na hucewa. Ta yi karatun injiniya, ta sami aiki a Ingila, a wani kamfani da ke ƙera injin motocin tsere, irin manyan nan da ake zagaya duniya da su.

Ita ta fahimtar da mu yadda abin yake. Ashe ƙungiyoyin da ke fafatawa ba duka ke ƙera injinsu ba. Ƙungiya ta ƙera gangar jikin mota, ta ɗauki direbobi, sannan ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani ya riƙa ba ta injin. Kamfanin kuma ba ya sakin injinsa haka nan. Yana haɗawa da mutanensa, su bi ƙungiyar duk ƙasar da za a yi tsere, su zauna a garejinta, su sa rigarta, amma su ba 'yanta ba ne. 'Yarmu tana cikin irin waɗannan. Ta ce ko makanikan ƙungiyar ba su da ikon buɗe injin, a rufe yake zuwa, a rufe yake komawa.

Babanta ya ajiye cokali ya ce, "Injin yana cikin motata, a ce ban isa in buɗe shi ba? Wannan ai rainin wayo ne."

Ta yi dariya ta ba shi amsa da Turanci, kamar yadda ta saba. Tana jin Hausa sarai, bakin ne ba ya juyawa. Shi dai abin da ya fi faranta masa rai shi ne rigar ƙungiyar rawaya ce, launin tasinsa. Ya ce duk inda ta je, aikin gidansu take yi.

Ciwon mantuwa ya shigo masa a hankali. Ya fara da mance inda ya ajiye makulli, ya kai ga wata rana ya ɗauki fasinja daga filin jirgi zuwa unguwar Harlem, ya tsaya a tsakiyar hanya bai san inda za shi ba. Daga ranar ya ajiye tuƙi. Ni aikin jinya nake yi, na ga irin wannan ciwo a gidajen mutane har na gaji, na san ba a dawowa daga shi. Sanin bai rage mini komai ba. Wata safiya ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Madam," kamar wadda aka turo daga ofis. Na shiga bayi na kunna famfo na yi kukana, na fito na dama masa kunu.

Da 'yarmu ta zo Kirsimeti, ta faɗa jikinsa tun daga bakin ƙofa. Ya janye a hankali, ya gaishe ta cikin ladabi, ya tambaye ni ko baƙuwar ta ci abinci. Har ta koma bai san ta ba.

Bayan an koma kakar tsere, wata Lahadi da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi coci, na kunna masa talabijin don ya sami abin kallo. Tseren da ake yi a Turai da rana, safiya yake riskarmu a nan. Ana cikin nuna motoci sai aka hasko garejin masu rawaya, ga 'yarmu nan zaune gaban allon kwamfuta, da ƙaton abin sauraro ya rufe mata kunnuwa. Ƙiftawar ido ne kawai. Sai na ji ya kira sunan da ya raɗa mata tun tana goye, sunan da rabon da in ji shi a bakinsa har na manta.

"Kin gan ta? Ga ta can wajen injin," in ji shi.

Na zauna a hannun kujera. Na aika mata saƙo cewa ta yi mana kiran bidiyo da zarar an gama, kada ta cire rigar, kada ta bar garejin. Ta kira. Ana ta ƙara a bayanta, ga motar rawaya an ɗaga ta ana kwance tayoyi. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya tambaye ta ko injin ya yi zafi, ya ce ta rame, ya yi mata faɗan ba ta cin abinci. Ita kuwa sai hawaye take tana cewa, "Baba, Baba."

Shi ke nan, muka sami ƙofa ɗaya. Duk Lahadin da ake tsere, in yi masa wanka da wuri, in zaunar da shi, mu kalla har ƙarshe, sannan ta kira daga garejin. Na lura sai abubuwan sun haɗu duka: ya kalli tseren, ya ji ƙarar, ya ga rawayar a jikinta da bayanta. In ta kira ranar Laraba daga ɗakinta, sai ya miƙo mini wayar ya ce ana nemana. Likitansa ya ce ƙwaƙwalwa takan maƙale wa abu ɗaya haka, mu ci moriyarsa muddin yana nan.

Ni da ban san komai ba, sai ga ni na zama gwana. Har na gane lokacin da zaman kamfanin da ƙungiyar ya fara tsami. Mota ta mutu a tsakiyar tsere, hayaƙi na tashi, sai shugaban ƙungiyar ya fito gaban 'yan jarida yana kumbure-kumbure, wai injin da ake ba su ba shi da ƙarfi. Washegari na kamfanin ya mayar da martani, wai su suka matse jikin motar har injin ba ya shan iska. Manyan mutane da furfura, suna jifan juna da magana kamar masu rigimar layin famfo. Ina zaune a falona ina zaginsu da Hausa, ba wanda ke ji na sai mutumin da bai san ko ni wace ce ba.

'Yarmu ta kira ni ranar wata Talata ina cikin bas zan tafi aiki. Daga gaisuwarta na san ba lafiya.

Ta ce, "Mama, an raba. Ƙarshen kakar nan kamfaninmu zai bar su, ya koma wa wata ƙungiya."

"To ke fa?"

"Ni ta kamfani ce, inda injin ya tafi can zan bi."

"Wane launi ne nasu?"

Ta ce baƙi.

Na ce ta nemi masu rawayar su ɗauke ta mana, ba sun san aikinta ba? Ta ce ita injin ta sani, su kuma sabon kamfanin da za su ɗauko zai zo da nasa mutanen. Ko da ma sun so ta, ƙa'idar aikin ita ce sai ta zauna a gida wata da watanni ba ta taɓa komai, don kada ta kwashi sirrin wani ta kai wa wani. Na ce to ta je ta gaya wa manyan halin da ubanta ke ciki. Ta ce, "Mama, in ce musu me?" Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan kama. Da a gida ne, ko wace irin rigima ce akwai dattijon da za ka tura, akwai ƙofar da za ka durƙusa. Waɗannan kuwa sun zauna a wani ɗaki a wata ƙasa, sun sa hannu, sun sha shayi, sun watse. Ba su yi mini laifi ba, ba su ma san ina duniya ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Tseren ƙarshe na shekarar na kalle shi ina addu'ar kada ya ƙare. Da ta kira, ya yi mata hira fiye da kullum, har ya tuna mata ranar da ta jefa masa sifana a kwata. Ana kiranta a bayanta su fara haɗa kaya, tana cewa su ɗan jira. Shi ya fara gajiya, ya ce, "Je ki, kada su ce 'yata malalaciya ce. Sai wani satin." Ta ce to.

Da aka dawo sabuwar kaka, na zaunar da shi kamar yadda muka saba. Aka hasko garejin masu rawaya, ya matso gaba yana dubawa. Wani saurayi ne a kujerarta. Can aka nuna masu baƙaƙen riguna, ga ta tsaf, na yi ta nuna masa da yatsa har ina taɓa gilashin. Ya ce in matsa, ina tare masa. Bayan tsere ta kira, ya dubi wayar ya miƙo mini.

Ba abin da ba mu gwada ba. Ta sa tsohuwar rigar a ɗakin otal ta kira, ya ce wannan fa? Garejin masu rawaya kuwa yanzu ko leƙawa ba ta isa ta yi ba, ta zama ta abokan hamayya. Na koma sa masa tsofaffin tseren da na naɗa. Yana jin daɗinsu, duk sanda aka hasko ta sai ya kira sunan nan. Amma in an gama yakan riƙe waya a cinya yana jira, ba kuma daga inda kiran zai zo.

Da suka sami hutun bazara ta zo gida. Na ɗauko ta daga JFK, muka shirya abinmu a mota kamar masu ƙulla makirci. Ranar Lahadi da safe na sa masa tsohon tsere, ita kuma ta sa rigar rawayar ta jira a kicin. Sai da aka hasko ta a talabijin, ya kira sunanta, sannan na yi mata alama ta fito. Ta zo ta durƙusa a gabansa.

Ya dube ta da kyau, ya dubi rigar, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Yarinya, ke ma can kike aiki?"

Ta gyaɗa kai.

Ya nuna talabijin. "Kin san waccan? 'Yata ce. Ita ke riƙe musu injin."

"Na san ta, Baba," in ji ta, da Hausa, a hankali, tana lalubo kalmomin.

Ya kama hannunta ya riƙe. "To don Allah in kin koma, ki ce mata ta kira ni. Ta daɗe ba ta kira ba. Ki ce ba fushi nake ba."

Ina tsaye da faranti a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Ta share fuska da gefen rigar ta ce, "Zan gaya mata, Baba."

Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya saki hannunta ya koma kallonsa.