Ɗan ninƙayar da ya zo Jidda neman mahaifiyarsa

Shekarun baya, lokacin da aka fara yin wasannin ƙasashen Musulmi karo na farko a nan Saudiyya, ina tuƙin mota a wani kamfani da ke unguwar Abhur a Jidda. An raba wasannin tsakanin Makka da Madina da Ɗa'if da Jidda, ninƙaya ta faɗo mana nan Jidda. Abin sabo ne ga kowa. Su kansu masu shiryawar da safe su ce kaza, kafin azahar sun canza.

Kafilina, wato ubangidana, ya ba da hayar motocinsa, ya kuma rubuta a gaban sunana cewa ina jin yaren Afirka. Gaskiyar magana, a unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife ni, iyayena Hausawan Sudan ne, kuma Hausata a lokacin ta kunne ce kawai. Idan mahaifiyata ta yi min magana, da Larabci nake amsawa.

Aka haɗa ni da wata ƙaramar tawaga daga Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai wani dogon saurayi mai yawan shiru, wanda daga baya ya zama abokina. Ɗan masunta ne, a kogi ya koyi ruwa. Ran farko na ce musu su yalla, wato su yi maza, su hau mota, na ƙara da wata Hausa da ban san inda na kwaso ta ba. Duk motar ta fashe da dariya. Ashe na ce musu ne su shigo mu ci motar. Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya dawo kujerar gaba ya zauna kusa da ni.

Da muka saba ya faɗa min abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsa ta zo umara tun yana ƙarami, ba ta koma ba. Da farko alhazai na kai labarinta, daga baya labarin ya yanke. Ya ce tun da ya ji za a yi gasar a Saudiyya ya duƙufa atisaye har aka zaɓe shi, don ba shi da wata hanyar zuwa. Abin da ya sani kawai shi ne sunanta da garinsu, da cewa tana da zane a kumatu.

Na kai maganar gida. Mahaifiyata ta ce mace marar iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta son jin ana cigiyarta, musamman daga bakin direba mai ɗauke da katin hukuma a wuya. Ta sa na cire katin, ta ce in bar mata. Ta bi matan da ke sayar da tufafi da abinci a kasuwar Bab Makka, wannan ta tura ta wajen waccan, har aka ce akwai wata mai dafa wake da shinkafa a wani lungu da ke bayan unguwarmu.

Ana gobe zai shiga ruwa na kai shi wurin matar, bayan la'asar. Ina ta shirin ganin koke-koke da runguma irin na Larabawa. Matar tana ganinsa ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Shi kuma ya durƙusa can nesa ya gaishe ta. Ta tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalle shi ba, ba ta kuma kira sunansa ba. Raina ya ɓaci, na ɗauka ba ta yi murna ba. Mahaifiyata ta mintsine ni ta ce min ɗan fari ne, haka ake yi.

Washegari mahaifiyarsa ta ce za ta zo wurin gasar. A lokacin mata ba sa shiga wuraren wasa, ga shi ba ta da takarda. Na ajiye ta da mahaifiyata a cikin mota can gefen titi, na kunna musu sanyi, ni kuma na shiga.

Abokina bai ci ba. Ya saba da kogi, juyawa a bangon wurin ninƙayar ta ci masa lokaci, na kusa da ƙarshe ya zo. Na fito ina ta haɗa kalmomin da zan lallashe ta da su. Ban gama buɗe ƙofa ba ta tare ni.

"Ya fito daga ruwan lafiya?"

Na ce lafiya lau, sai dai bai yi nasara ba.

Ta ce, "Halas, shi ke nan. Je ka ce masa ya zo, kansa a jiƙe yake, kada sanyi ya kama shi." Sai ta kira sunansa, a hankali, ta fashe da kuka.

Bayan tawagar ta tafi da 'yan watanni mahaifiyarsa ta tattara kayanta ta koma gida. Abokina yanzu yana koya wa yara ninƙaya a garinsu, muna gaisawa ta waya, kuma ya ce ita ce ke zama bakin ruwa tana yi wa yaran faɗa idan sun yi nisa.

Duk lokacin da gasar ta sake zagayowa na ga 'yan wasa na shigowa fili da tutocinsu, na fi zuba ido kan ƙananan tawagogin nan da ba wanda ke sa ran za su ci komai. Nakan ce a raina kowane ɗaya da abin da ya taso shi daga gida. Allah ya sada kowa da abin da ya fito nema.