Bashi Lombe, Mai Rakiya Har Bakin Ƙofa

Kowace safiya, kafin motar ma'aikatan ma'adinai ta wuce, Bashi Lombe ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin mangwaron bakin kasuwar Chamboli, ya jera famfo da robar faci. Gyaran keke ne sana'arsa. Amma a garin Kitwe, duk wanda giya ta kai shi bango, abu ɗaya ake ce masa: je ka wurin mai gyaran keke. Taron masu neman rabuwa da kwalba ba shi da allo, ba a shelarsa a rediyo. Kujeru goma sha biyu ne a ɗakin ajiya na bayan coci, Laraba da Asabar da la'asar, kuma shekara ashirin da uku mabuɗin yana aljihun tsohon nan.

Ba ya yi wa kowa kwatance. Tsakanin mangwaron da cocin akwai gidaje uku da ake sayar da kachasu, giyar gida mai ƙarfi.

"Wanda ka yi wa kwatance, a gida na biyu za ka tsince shi," in ji shi.

Sai ya rufe akwatin kayan aiki, ya taka da mutum, shi ta ɓangaren gidajen giyar, yana ta zuba surutun ƙwallo har su wuce. Kalunga direban bas, wanda ya ce a faɗi sunansa ba komai, sau bakwai ana raka shi yana sulalewa. A na takwas ya zauna, yau shekararsa goma sha ɗaya bai kurɓa ba.

Bashi Lombe, kai ne ba ka taɓa ce wa mutum "ka sake?" ba. Kai ne ka rufe sana'a ana tsakiyar ciniki saboda baƙon da hannunsa ke rawa.

Sai dai akwai wadda wannan yabo ke ƙona wa rai, kuma ba ta ɓoyewa: Lombe, 'yarsa ta fari, wadda ake kiransa da sunanta, don Bashi Lombe na nufin Baban Lombe. Tela ce, shagonta na kallon hanyar. Tana kan keken ɗinki za ta hango ubanta ya dafa kafaɗar wani ƙato yana lallashinsa, sai ta taka keken kamar shi ya yi mata laifi. Ita mashayin ta samu, 'ya'yan wasu suka samu uban. Ko sau ɗaya bai raka ta makaranta ba. Tana 'yar shekara tara, ita ake aika wa gida na biyun nan ta janyo shi, yara na binsu da dariya.

"Sunana fa kake yawo da shi, Tata," ta taɓa ce masa, haka ake kiran uba a can. "Kowa Bashi Lombe, Bashi Lombe. Ita Lomben me ta samu?"

Shekara biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Da gwiwar tsohon ta ƙi, aka sa ranar da zai miƙa mabuɗi, aka buɗe ƙofa ga iyalai. Kalunga ya zo gayyatarta.

"Ku da kuka cinye shi, ku yi bikinku mana," ta ce. "Ni 'yar kallo ce."

"Haba Lombe, ko tuwon nshima ki tuƙa mana. Namu kamar siminti yake."

Ta zo, wai don tuwon. Ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu, tana jin ƙarti suna kuka suna kiran ubanta uba. Kowace kalma sai da ta soke ta.

Tsohon ya miƙe da ƙyar.

"Ni ne Bashi Lombe, mashayi ne ni. Kuna ta cewa na iya rakiya. Ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wata yarinya ce take zuwa ɗaukata. Sai ta bi ta ɓangaren gidajen giya, ta riƙe mini hannu, ta yi ta surutu don kada in ji ana kirana. Duk wanda na raka a cikinku, tafiyarta na kwaikwaya. Na iya faɗa wa kowa, ita kaɗai ce kunya ta hana ni faɗa mata."

Lombe ba ta yi kuka ba. Ta ce tuwo zai huce, a zo a ci.

Bashi Lombe, mun gode. Mun gode da takalman da ka cinye a wannan hanya. Ku kuma da kuka san inda irin wannan taro yake a unguwarku, kada ku tsaya nuni da baki, ku tashi ku kai mutum har ƙofa. In kuma akwai wanda ya taɓa raka ku, kada ku bari sai gwiwa ta ƙi kafin ku faɗa masa.

Da aka watse, tsohon ya miƙa wa Kalunga mabuɗi, ya dogara sandarsa ya nufo Lombe.

"In raka ki gida?"

"Yanzu? Ina da shekara arba'in da ɗaya?"

"Na makara. Na sani."

Ta haɗa kayan tuwonta. Sannan ta ɗora tukunya a ka, ta matsa gefe, ta bar masa ɓangaren gidajen giyar.