Kawu Sale da Mai Molo

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Morrisania ya san ba ya fita aiki sai ya yi wanka da turare kamar ango. Gadi fa yake yi! A wani gidan tarihi ne a Manhattan, ɗakin hotunan Japan, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako, a shafa tawada, a danna a takarda. Duk mata ne, masu kiɗa da masu rawa.

"Mata talatin nake gadi," in ji shi, "in je musu da warin jirgin ƙasa?"

Wata rana wata Baturiya tana ta waya a ɗakin, Kawu ya matso ya ɗaga yatsa. "Madam, please, ana kiɗa!" Ta waiga, ba kowa sai takardu a bango. Wallahi haƙuri ta ba shi ta fita.

A cikin matan hotunan akwai ɗaya da ya fi ji da ita, wadda ta karkatar da kai tana kaɗa wani abu mai dogon wuya. Wani farfesa ya faɗa masa sunan abin kiɗan da Japananci.

"Tsirkiya nawa?" in ji Kawu.

"Uku."

"Da fata?"

"Da fata."

"To molo ne. Je ka ƙara karatu."

Ashe haske yana cinye launin hotunan nan, don haka bayan 'yan watanni ake sauke su a ajiye a duhu, shekaru. Aka sauke Mai Molo. Lokacin gwiwoyin Kawu sun gama aiki, gidansa na Zariya an gama har fenti, amma ya ce ba ritaya sai ta dawo. Ni da nake 'yar ƙanwarsa, kuma nas, na yi faɗan har na gaji.

"Kawu, a kan takarda za ka kashe kanka?"

Sai ya ce, "Rabi, haka Innarmu take karkatar da kai in tana buga shantu. Ba mu da hotonta ko ɗaya."

Ban sake yi masa maganar ba. Shekara biyu ya ƙara yana jan ƙafa, ya rasu saura wata huɗu a fito da ita. Da aka fito da ita, na je na tsaya a gabanta na sha kuka, har sabon mai gadi ya kawo mini kujera.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa shi da Innarsa a Aljanna, ya kalle ta har ya ƙoshi.