Layin Ƙarya a Littafin Kawu

Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, abubuwa da yawa sun ɓace mini, har sunayen wasu ɗaliban da na koyar. Amma akwai wata yammacin Asabar a Boɗinga da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Ranar ce na rubuta layi ɗaya na ƙarya da hannuna a littafin kawuna, kuma wannan layin ne ya raba ni da shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Manomi ne, amma a ƙuruciyarsa ya yi fataucin albasa zuwa Legas. A can ne wata rana wani abokin cinikinsa ya ja shi filin wasa, ya ga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da idonsa. Sau ɗaya tak ya gan su, amma ganin nan ya bi shi har gida. Yakan ce a lokacin jajayen riguna suke sawa, sai da aka sami 'yancin kai suka koma kore. Tun daga nan ya fara rubuta duk wasan da suka buga wanda labarinsa ya iso kunnensa. Da ajami yake rubutawa, da alƙalamin kara da tawada, a littattafan 'yan makaranta guda uku da ya ɗinke wuri ɗaya ya yi musu bango da jar fata. Kowane wasa layi ɗaya: ƙasar da aka kara da ita, garin da aka buga, da yadda aka tashi.

Mutane sun sha yi masa dariya. Dattijo da jikoki, ga sallah a sahun farko, amma yana ɓata tawada a kan 'yan gajeren wando. Bai taɓa damuwa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ni, a lokacin da jinina ke tafasa, shi ne yadda yake zama ya rubuta ranakun da aka lallasa mu da kyakkyawan rubutu, kamar na ranakun nasara. Na taɓa ce masa ya riƙa tsallake su. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malamin boko, in na aje ranakkun da anka kada mu, ai ba tarihi ni ka rubutu ba, kirari na. Maroƙa sun ishe mu a garin ga."

Ni ne tafintansa. Sharhin wasa da Turanci ake yi a rediyo, ni kuwa na gama makarantar horon malamai, an tura ni koyarwa Shagari. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan hau mota in dawo gida. In akwai wasa, sai a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, a ajiye rediyo a kan turmi, ni ina fassarawa ina ƙara gishiri, shi yana tsawata mini. Shekarar da muka ɗauki kofin Afirka a Legas, a nan muka ji. Garin ya ruɗe da ihu, matasa suna buga garewani, har masu kalangu suka fito ba wanda ya kira su. Kawu bai yi ihu ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafinsa ya rubuta, hawaye na bin gemunsa.

Shekara ta zagayo, abubuwa suka fara sauyawa. Zamanin mulkin farar hula ne na biyu, kuma daɗin da aka fara da shi ya soma ja da baya. Sabulu ya yi wuya, sukari ya yi wuya, batirin rediyo sai ka zagaye kasuwa ba ka samu ba. A cikin wannan hali ciwo ya kwantar da Kawu. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashinsa ya riƙa sarƙewa. An kai shi asibiti a Sakkwato an dawo da shi, kowa a gidan ya fahimci abin da dawowar take nufi, ba wanda ya furta.

Da kaka, ana tsakiyar girbi, aka zo wasan da duk ƙasa ke jira. Wasa biyu suka rage mu je gasar duniya, inda ba mu taɓa zuwa ba, na farko a Legas, na biyu a ƙasar abokan karawar bayan 'yan makonni. Kuma su ne dai waɗanda muka doke bara muka ɗauki kofi, don haka kowa ya sa a ransa an gama. Rediyon Kawu ba batir, shi kuma ba ya iya tashi. Ya ce in je shagon wani tela a bakin kasuwa in saurara in kawo masa labari. "Na ƙi mutuwa sai na rubuta wanga," in ji shi, yana murmushi.

Aka ci mu biyu, mu ko ɗaya ba mu ci ba, a gidanmu, a gaban mutanenmu. Tun kafin a tashi mutane suka fara sulalewa daga shagon ɗaya bayan ɗaya. Telan ya kashe rediyo ya koma kan kekensa na ɗinki.

A zaure na haɗu da Inna, matar Kawu. Ta dubi fuskata ta gane. Ta riƙe hannun rigata ta yi ƙasa da murya.

"Yau ko kunu bai sha ba, kai yaka jira. Don Allah kak ka ƙara mai ciwo bisa ciwo."

A wurinmu ba a kai wa majinyaci mummunan labari. Ko rasuwa aka yi, akan ɓoye masa sai ya ji sauƙi. Ban ga laifin Inna ba a lokacin, ban kuma gani ba har yau. Ita ta roƙa, amma ni na buɗe baki.

Na yi sallama na shiga. Yana kishingiɗe a kan gadon kara, littafin a kan ƙirjinsa, kwalbar tawada a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki. Bai amsa gaisuwar ba ma.

"Wa yac ci?"

"Mu munka ci, Kawu."

"Nawa?"

"Biyu, su ba su da ko guda."

Ya kalle ni. Ya juya kansa wajen taga kamar mai sauraron wani abu, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Hannuna rawa shi kai. Amshi ka rubuta." A duk shekarun nan bai taɓa barin wani ya sa alƙalami a littafin ba. Na karɓa, na tsoma a tawada, na rubuta da ajamina mai kama da tafiyar kaza cewa mun yi nasara. Ya karɓa ya kai kusa da idonsa, ya hura tawadar ta bushe, ya rufe. Ya ce Inna ta kawo kunu, ya sha kusan rabin kwano. Na fito ina jin kaina wani gwani, wai na ba majinyaci magani.

Sai a mota, a hanyar komawa Shagari, lissafin ya faɗo mini. Akwai wasa na biyu. In na dawo Juma'a zai tambaye ni abin da jaridu suka ce, wa ya zura ƙwallon, wa ya ba shi, yaya aka yi shiri. Kawu ba mutumin da ake wucewa da amsa ɗaya ba ne. Dole in ƙirƙiro masa wasa guda cur, in kalli idonsa in faɗa. Na san ba zan iya ba, kuma na san ba zan iya ce masa ƙarya na yi ba. Saboda haka na yi abin da matsoraci ke yi, na ƙi zuwa.

Juma'ar farko na ce aikin makaranta ya riƙe ni. Ta biyu na bi wani abokin aikina zuwa garin Dandin Mahe wai taya shi ɗaurin gero, ni da ko a gonar gidanmu sai an yi da gaske nake sunkuyawa. Ranar kasuwa wani direban mota ɗan unguwarmu ya same ni har makaranta ya ce, "Kawunka ya ce a hwaɗa maka ka taho, shina son ganinka." Na ce to, in an kwana biyu. A raina na ce labarin ƙwallo yake so, bari a buga na biyun, wataƙila mu rama, sai in je masa da gaskiya mai daɗi ta rufe ƙaryar. Ka ji tunanin mutumin da ake kira malam.

Aka buga na biyun, nan ma aka ci mu. Kwana biyu bayan haka, ina cikin aji da hantsi, na hango direban nan tsaye a bakin taga ya cire hularsa. Kafin in iso Boɗinga har an dawo daga maƙabarta.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ɗauko littafin a naɗe cikin wani tsohon rawaninsa ta ajiye a gabana.

"Ya ce kai za a ba. Kullum in yaj ji tsayin mota sai ya ce a duba ko kai na."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Inna, bai dai gane ba ko?"

"Tun ranar ya sani. Kana hita yac ce mini, bara da munka ci garin ga bai zamna ba, yau ko kukan awaki shina ji daga bakin kasuwa. Yac ce kunun ma don kai yash sha, kak ka tahi da nauyi."

Na buɗe shafin ƙarshe. Ga layina nan, bai goge shi ba, bai ja masa layi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani rubutu a karkace, haruffan suna hawa kan juna, tawada ta ɗiga a wuri biyu. Na daɗe kafin in iya haɗa shi. Ya rubuta cewa an ci mu biyu a Legas, layin sama na ɗansa ne, tausayi ya sa shi, kuma ya yafe. A ƙasa da wannan ya rubuta sunan ƙasar da garin da za a buga wasa na biyu, ya bar wurin sakamakon fili. Abin da yake kirana in zo in yi ke nan. Yana so in zauna kusa da shi in cike gurbin, ya ga na rubuta daidai sau ɗaya kafin ya tafi.

A nan gaban Inna na yi kukan da ban yi a wurin gaisuwa ba. Da na natsu na roƙe ta tawada, na rubuta cewa an ci mu.

Littafin yana wurina har yau, na ƙara masa wasu shafuka a baya. Na rubuta ranar da a ƙarshe muka je gasar duniyar, na rubuta ranakun da aka koro mu, duk da tawada iri ɗaya. Jikokina sukan ce me ya sa nake wahala, alhali komai yana cikin waya. Nakan buɗe musu shafin nan in nuna musu layuka ukun.

Abin da na koya shi ne, Kawu ya fi ƙarfin labarin an ci mu, ya sha rubuta irinsa tun kafin a haife ni. Ni ne ban iya ɗaukar nauyin ƙaryata ba, ita ta tsare ni a Shagari mako uku, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Tun daga ranar, in ina da labari mai ɗaci ga wanda nake ƙauna, nakan je da ƙafata in faɗa masa a hankali, sannan in zauna tare da shi. Na ba Kawu daɗin rabin kwanon kunu, na hana shi abin da ya roƙa, wato ya ga fuskata.