Ɗakin da Toka Ba Ta Shiga

Shimozono Katsuhiro ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a ɗakin injin jirgin fiton da ke ketarawa tsakanin Tarumizu da Kagoshima. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar inji. Ba ya shan taba, giyar dankali ma sai ranar sabuwar shekara. Abin da ya shiga ransa shi ne hoto. Yana da shekara talatin da ɗaya wani abokin aikinsa ya gaji da kyamararsa ya sayar masa, shi ke nan fa.

Da fari shago yake kai fim a wanke masa, amma hotunan ba sa fitowa yadda ya gani da idonsa. Sai ya kwashe tulunan tsamin kayan lambu daga ɗan ɗakin ajiyar da ke jikin banɗaki, wanda faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, ya toshe tagar, ya rataya jar fitila, ya kafa injin fitar da hoto a kan wani tsohon tebur. Hoton farko da ya fitar na 'yarsu Noriko ne, tana da shekara huɗu, riƙe da lemo. Ya kawo wa matarsa Teruko yana ɗiga ruwa. Ta goge hannu ta karɓa, ta kai shi kusa da taga.

"Baban Noriko, yaushe yarinyar nan ta yi ƙyanda ban sani ba?"

Fuskar duk fararen ɗige-ɗige ce. Ƙura ce ta hau fim ɗin, kuma duk ƙwayar da ta hau, in aka faɗaɗa hoton sai ta tare haske ta bar farin tabo. A wani gari da sai a hure ta a wuce. A Tarumizu kuwa, da sanyi ya shigo iska ta juyo daga wajen Sakurajima, dutsen nan mai aman wuta, tokarsa ce ke sauka a kan rufi da mota da gashin kai, har a ji ta tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Ita ba laushi gare ta ba. In ka goge ta da tsumma, ta karce fim ɗin har abada.

Shekara uku ya ɗauka yana gyaran ɗakin. Ya cire tabarmin ya shimfiɗa leda mai kauri. Ya shafa wa bango fenti mai santsi. Ya bi kowace kafa da salatif, ya liƙa roba a ƙasan ƙofa. Ya sami tsohon kabad ɗin tufafi ya huda shi sama da ƙasa, ya rufe hudojin da safar Teruko ta nailan ninki uku, nan yake shanya fim. Kafin ya shiga sai ya tuɓe kayan waje a bakin ƙofa, ya sa wata rigar ruwa da hular wanka ta mata, ya goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya kuwa ba ta taɓa shiga ba. Ranar wanke fim yakan ajiye bokitin ruwan zafi a tsakar ɗakin, ya rufe, ya jira tururin ya kwantar da abin da ke yawo a iska. Kyanwar gidan ta shiga sau ɗaya. Washegari aka kai ta gidan ƙanwar Teruko, Noriko ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Teruko ba ta hana shi ba, ba ta kuma daina tsokanarsa ba. In baƙi suka zo suka tambaye shi, sai ta ce, "Yana ciki yana yi wa ƙura tiyata. Ku sha shayi, in ya fito da hular nan kada ku yi dariya, yana jin haushi."

A layinsu akwai wata tsohuwa, Ijichi Fude, mai soya ƙosan kifi a bakin hanyar tasha. Ta haura tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana Osaka. Wata ranar Lahadi a lokacin sanyi, a shekarar da dutsen ya yi ta aman toka babu ƙaƙƙautawa, ta zo gidan sanye da kimononta, doguwar rigar gargajiya mai launin toka, an gyara mata gashi.

"Katsu, ka ɗauke ni hoto. Wanda za a ɗora a kan akwatin gawata."

"Haba Iya, me ya yi zafi? Ai ke ce za ki binne mu duka."

"Kai dai ɗauko abinka. Na ga abin da aka yi wa matar mai gyaran keke. Daga hoton biki aka yanko kanta, bakinta cike da abinci. Kwana biyu muna zaman makoki tana tauna a gabanmu."

Ya zaunar da ita a gefen taga, ya ɗauki guda goma sha biyu. Washegari da sassafe ya wanke fim ɗin, ya rataye shi a kabad, ya rufe ɗakin ya tafi aiki. Wajen ƙarfe tara dutsen ya yi wata irin fashewa da ta girgiza tagogin garin. Girgizar ta buɗe ƙofar kabad ɗin, ta kuma raba wani katako na silin, tokar da ta shekara tana taruwa a ƙarƙashin rufi ta zubo. Fim ɗin bai gama bushewa ba. Da ya dawo da yamma ya tarar ya bushe da tokar a jikinsa.

Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa a gaban fitila. Sannan ya tafi rumfar Iya Fude ya gaya mata.

"To, sai mu sake," in ji ta, tana juya ƙosai a mai. "Amma ba yau ba, ka ga kaina. Bari mai gyaran gashi ta dawo daga wajen 'yarta."

Kafin mai gyaran gashi ta dawo, ranar Alhamis ta mako na biyu, maƙwabciya ta ga rumfar a rufe har hantsi, ta shiga gidan ta tarar da tsohuwar a shimfiɗarta ta cika. Ɗan ya iso daga Osaka da safiyar Juma'a. Ya zo ya rusuna a ƙofar Shimozono ya ce mahaifiyarsa ta rubuto masa cewa hotonta yana nan, kada ya nemi wani. Zaman makoki ƙarfe shida na yamma ne.

Katsuhiro bai gaya masa abin da ya sami fim ɗin ba. Ya aika wa shugabansa cewa ba zai zo aiki ba. Ya jiƙa fim ɗin a ruwa mai ɗumi, ya yi ta sauya ruwan ba tare da ya taɓa fuskar fim ɗin da yatsa ba. Tokar da ke sama-sama ta saki, wadda ta nutse ta zauna. Ya zaɓi wanda ya fi dama a cikin sha biyun ya fitar da shi babba. Tsohuwar ta fito da kyau, tana ɗan murmushi, amma ya ƙirga tabo arba'in da bakwai, mafi yawa a kumatu da goshi.

Maganin farin tabo sananne ne, a cike shi da tawada da bakin siririn buroshi. Ya saba yi a hoton teku ko na itace, inda kuskure ke ɓacewa. Fuska daban ce, kuma yatsunsa na mai kama sifana ne. Ya ɓata na farko. Ya fitar da na biyu, ya busar, shi ma ya yi wa kumatun baƙin ɗigo kamar an ɗiga miya. Tsakar rana ta yi.

Teruko ta kawo masa shinkafa da miyar waken soya ta ajiye a tebur ɗin kicin, inda yake aikin saboda haske. Ta leƙa ta bayan kafaɗarsa.

"Tashi."

"Kada ki taɓa, wannan ba..."

"Na ce tashi. Ka mai da baiwar Allah damisa."

Kafin aurensu ta yi shekara shida a wata masana'anta tana zana ƙananan furanni a jikin kofunan shayi. Ya sani, amma bai taɓa haɗa wannan da hoto ba. Ya fitar da na uku. Ta tsarma tawadar da ruwa har ta kusa zama ba launi, ta goge buroshin a farce, ta fara. Ba ta shafawa. Ɗigo take yi ƙanana ƙanana, ta bari ya sha iska, ta ƙara. Shi yana tsaye da gilashin ƙara girma yana nuna mata.

"Ga wani nan a bakinta."

"Wannan haƙorin gwal ɗinta ne. Shekara ashirin kana sayen ƙosai a wajenta, ba ka taɓa kallon bakinta ba?"

Ta gama ƙarfe huɗu da rabi. Aka sa shi a firam mai baƙin ƙyalle, aka ɗora a tsakiyar furanni. A wajen makokin tsofaffin layin suka riƙa tsayawa a gabansa fiye da yadda aka saba. Ba wanda ya ga tabo. Katsuhiro shi kaɗai ya san inda suke, kuma da ya matsa kusa, biyu kawai ya iya samowa.

Mako guda bayan haka mai gyaran keke ya zo sanye da kwat ɗinsa, shi ma a ɗauke shi irin wannan hoton. Bayansa wasu 'yan'uwa mata biyu, waɗanda suka yi gardama a kan wadda za ta fara zama. Cikin shekara ashirin da uku Shimozono da matarsa suka yi irin wannan hoto sittin da takwas. Wasu sukan dawo bayan shekara biyar su ce a sake, na da ya yi yarinta, kada mutane su ce an yi ƙarya. Ya sake silin ɗin gaba ɗaya, ya sa wa kabad ɗin sakata biyu. Tabon da ya rage, ɗaya ko biyu a kowane hoto, Teruko ce ke cike shi. Ita ba ta taɓa yarda ta sa hular wankan ba, saboda haka ba ta taɓa shiga ɗakin ba.

Ya yi ritaya yana da sittin. Yana shiga saba'in ƙura ta dawo. Yana duba fim sai ya ga ɗige-ɗige, har da wasu kamar zare. Ya wanke ɗakin daga sama har ƙasa, ya sauya safar kabad, ya zargi rigar ulun da Noriko ta aiko wa uwarta. Yakan miƙa wa Teruko hoto ya ce ga shi nan a goshi, ta duba ta ce babu komai.

"Idonki ne ya mutu."

"To, mu je a duba na wanda ya mutu."

Likitan ido ya haska nata ya ce lafiya lau. Ya haska nasa, ya tambaye shi ko ɗige-ɗigen suna motsi in ya juya ido. Katsuhiro ya gwada, ya ce suna yi. Likitan ya ce a cikin ruwan idon suke, tsufa ne, ba su da haɗari, ba kuma a cire su, yawancin mutane sukan saba da su.

A jirgin fiton dawowa ya zauna a sama tare da fasinjoji. Ya ƙara gwada aikin hoton na wata biyu. Matsalar ita ce ba ya iya bambance na idonsa da na fim ɗin, kuma bai yarda ya fitar da hoto a kan zato ba. Ya kammala na mutum biyun da ya riga ya ɗauka, Teruko tana duba masa fim ɗin a bakin ƙofa. Daga nan ya naɗe injin a bargo, wata malamar makaranta daga Kanoya ta zo da mota ta ɗauka.

Ɗakin ya yi wata guda babu komai a ciki. Wata safiya da toka ke sauka Teruko ta ɗaura igiya biyu daga bango zuwa bango ta shanya fararen zannuwan gado. Katsuhiro ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a haka ba za su bushe ba, ɗakin ba ya shan iska. Ya je ya ɗauko ƙaramar fanka, ya goge fukafukanta da jiƙaƙƙen tsumma, ya kunna ta, ya ja ƙofar.